Idan Komai Rubutacce Ne, da Wace Hujja Alƙali Yake Hukunci?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ƙanena ɗan shekara 19 yana tsare yana jiran shari'a. Shi da abokansa biyu suka tare wani mutum da daddare suka ƙwace masa waya, shi ne ya yanke shi da wuƙa a hannu. Mutumin ya warke. Yaron nan maraya ya tashi, karatu ya gagara tun yana aji uku na sakandare saboda babu, unguwarmu kuwa kowace kwana akwai mai sayar da ƙwaya. Mahaifiyarmu kullum cewa take ƙaddara ce, bawa ba ya wuce abin da aka rubuta masa. Ni kuma na rasa inda zan tsaya. Idan an rubuta zai aikata tun kafin a haife shi, kuma ba shi ya zaɓi gidan da aka haife shi ko unguwar da ya tashi ba, to ina zaɓinsa yake? Da wace hujja za a hukunta shi?"

Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya kawo muku mafita, ya ƙara wa wanda aka yanka lafiya da haƙuri.

Tambayarki biyu ce a haɗe. Akwai ta tauhidi: yaya za a kama bawa da abin da Ubangijinsa ya riga ya sani kuma ya rubuta? Akwai kuma ta zaman duniya, wadda ko wanda bai yi imani da ƙaddara ba yana iya yin ta: yaron da maraici da talauci da unguwa suka gina, nawa ne rabonsa a cikin laifinsa? Bari in faɗa miki inda na tsaya tun yanzu, don kada ki yi ta jira. Ta farko ba ta kare ƙaninki ko kaɗan. Ta biyu tana da nauyi, nauyi mai yawa ma, amma wurinta shi ne wajen auna hukunci, ba ta soke shi. Na daɗe a kan kujerar alƙalanci kafin in ajiye aiki, kuma da wuya a yi mako ban ji ɗaya daga cikin kalmomin nan uku daga bakin wanda ake tuhuma ba: ƙaddara ce, tsautsayi ne, sharrin Shaiɗan ne.

Gardamar ta girme mu

Tun sahabbai suna raye aka fara ta. A Basra wani mai suna Ma'abad al-Juhani ya ce babu wata ƙaddara, al'amari sabo yake faruwa, bawa ne yake ƙago aikinsa. Su aka kira Ƙadariyya, daga baya Mu'utazilawa suka gaji wani ɓangare na ra'ayin. A ɗaya gefen Jahamu ɗan Safwan, wanda aka kashe a shekara ta 128 bayan hijira, ya ce bawa ba shi da wani aiki nasa, tilasta shi ake yi. Su ne Jabariyya. Kada ki ɗauka waɗannan mutane wawaye ne, kowannensu wani abu yake gudu. Na farko yana gudun a jingina wa Allah zalunci, na biyu yana gudun a jingina masa gazawa, a ce an yi wani abu a mulkinsa ba da nufinsa ba. Malaman Sunna suka ƙi sakin ko ɗaya daga cikin biyun. Abul Hasan al-Ash'ari, wanda ya rasu a 324 bayan hijira bayan ya daɗe a cikin Mu'utazilanci ya fita, ya ce Allah ne yake halittar aiki, bawa kuma shi yake kasabinsa, wato shi yake nufarsa ya ɗauke shi ya zama nasa. Alƙur'ani da kansa ya jera abubuwan biyu a ƙarshen suratut Takwir: ya tabbatar wa mutum ganin dama, ga wanda ya so ya shiryu daga cikinku, a aya ta gaba kuma ya ce ba za ku so ba sai Allah ya so.

Malamanmu na zaure suna da misalin da suka gada daga littattafan tauhidi. Hannun tsohon da yake karkarwa yana motsi, hannun wanda ya ɗaga zai mari wani shi ma yana motsi. Duka biyun da ikon Allah suke, amma babu mai hankalin da bai san bambancinsu ba, kuma mai hannun shi ya fi kowa sani. Yadda sanin Allah na tun azal yake haɗuwa da wannan zaɓi da muke ji a jikinmu, malamai sun ce sirri ne, sun hana zurfafawa a cikinsa, ni ma ba zan ce miki zan buɗe shi ba. Abin da zan iya nuna miki shi ne shari'a ba ta buƙatar a buɗe shi kafin ta yi aikinta.

Dalili kuwa a fili yake. A daren da ƙaninki ya soke wuƙa a ƙugu ya fita, bai leƙa Lauhul Mahfuzu ya ga an rubuta masa fashi ba, balle a ce umarni ya bi. Abin da ya sani shi ne yana son waya ko kuɗinta, ya kuma san haram ne. Sai bayan abu ya faru muke sanin shi aka ƙaddara. Sannan ƙaddara ba ta zaɓar mutum ɗaya ta rufe. Idan ita ta sa ya yanki mutum, ita ta sa aka kama shi, ita za ta zaunar da alƙali ta sa ya yanke hukunci. Hujjar da ta wanke kowa da kowa lokaci guda ba ta raba gardama tsakanin mutum biyu. Na sha gwada wannan a kotu. Mutum ya ce min ƙaddara ce ta sa ya ci kuɗin amana, sai in tambaye shi: da kai ka ba da ajiyar, wanda ka ba ya zo ya ce maka ƙaddara ta cinye, za ka ce masa Allah ya kiyaye gaba ka tafi gida? Ban taɓa samun wanda ya ce e ba. Yawanci sai ya sunkuyar da kai, wani ma har ya yi murmushi.

Sayyidina Umar ya warware wannan tun lokacin annobar Amwas. Ya nufi Sham, a wani wuri da ake kira Sarg aka tarye shi da labarin cutar, ya yi shawara ya yanke komawa Madina. Abu Ubaida ya ce masa, gudun ƙaddarar Allah za ka yi? Ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya ƙara masa da cewa da kana da raƙuma ka sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk wanda ka kai su kiwo ai da ƙaddarar Allah ka kai su. Ma'ana zaɓin da kake yi shi ma yana cikin abin da aka ƙaddara, ba kishiyarsa ba ne. Suratul An'am aya ta 148 ta kawo mushirikai suna cewa da Allah ya so da ba mu yi shirka ba, aka ƙaryata su. Shi kuwa Shaiɗan da ake ɗora wa kaya, suratu Ibrahim aya ta 22 ta gaya mana abin da zai ce ranar ƙiyama: ba ni da wani iko a kanku, kiranku kawai na yi kuka amsa, kada ku zarge ni, ku zargi kanku.

Amma kada ki je ki yi gardama da mahaifiyarku. Malamai sun ce ana kafa hujja da ƙaddara a kan musiba, ba a kafa ta a kan saɓo. A wurinta abin da ya faru musiba ce da ta faɗo mata, ba ita ta riƙe wuƙa ba, idan ta ce ƙaddara ce gaskiya ta faɗa, kuma da ita take samun barci. A bakin yaron ne kalmar take zama guba, domin ranar da ya yarda ba shi ya yi ba, ranar ya rufe wa kansa ƙofar tuba da ta gyara.

Abin da kotu take nema a jikin mutum

Kotu ba ta tambayar ko nufin mutum ya fito ne daga sama ba tare da wani sanadi ba. Kowane nufi yana da sanadi. Abin da take tambaya ya fi haka sauƙi: wannan mutum, a wannan lokaci, ya san abin da yake yi, ya san ba daidai ba ne, kuma yana da halin bari? Shi ne fiƙihu yake kira taklifi. Hadisi ya ce an ɗauke alƙalami daga mutum uku: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, mahaukaci har ya warke. Su ukun nan ai suna ƙarƙashin ƙaddara kamar kowa. Abin da ya fitar da su shi ne magana ba ta isa gare su, in an ce bari babu inda za ta shiga. Wanda aka tilasta ma haka: Ammar ɗan Yasir ya furta kalmar kafirci a hannun masu azabtar da shi, aya ta 106 ta suratun Nahli ta wanke shi. Imamu Malik ya sha bulala a Madina har kafaɗarsa ta goce saboda ya ƙi janye fatawarsa cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa.

Dokar Final Kod da aka yi wa Arewa a 1959, ta fara aiki a 1960, ta biyo hanyar Sudan ne daga dokar Indiya ta 1860, amma a nan ta zo daidai da fiƙihu. Sashe na 50 ya ce yaron da bai kai shekara 7 ba ba ya laifi, daga 7 zuwa ƙasa da 12 kuma sai an duba ko hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi. Sashe na 51 na mai taɓin hankali ne. Sashe na 52 na wanda aka bugar da shi ba da saninsa ko ba da yardarsa ba. Sashe na 57 na wanda aka yi wa barazanar kisa nan take. Dukansu abu ɗaya suke faɗa: inda zaɓi ya faɗi, hukunci ya faɗi. Amma lura da iyakar da aka yi wa uzurin tilas. Ba ya halatta kisa, a Final Kod da fiƙihu duka. A mazhabar Malik idan wani ya tilasta ka ka kashe mutum, kai da shi duka ƙisasi ya hau kanku, domin ranka bai fi na wanda ka kashe ba. Wato ko bindiga a ka shari'a tana ganin akwai sauran zaɓi, mai ɗaci ne kawai.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba. Faɗuwar hukunci ba ya nufin faɗuwar haƙƙin wanda aka cuta. Yaro ko mahaukaci idan ya fasa kayan wani, a biya daga dukiyarsa. Idan ya yi kisa, ana ɗaukarsa kisan kuskure, diyya ta hau kan danginsa. Shari'a ta raba tsakanin azabtar da mai laifi, wanda sai da zaɓi, da share hawayen wanda aka yi wa ɓarna, wanda ba ya jiran zaɓi.

Maganar ƙwaya, tunda kin ambace ta, ba za ta yi miki daɗi ba. Wanda ya sha da hannunsa ya bugu, malamanmu na Malikiyya ba sa ɗaure shi da cinikin da ya ƙulla ko iƙirarin da ya yi a cikin maye, amma suna kama shi da jinin da ya zubar da haddin da ya taka. Dokar ƙasa ma tana ɗaukarsa kamar yana da sanin da zai samu da bai sha ba. Zaɓin ya koma baya ne, zuwa lokacin da ya buɗe kwalba ko ya ɓare tiramol. Kuma mun sani, su ma sun sani, da yawa daga cikin yaran nan don a fita aiki ake sha, a kashe tsoro da tausayi.

Yadda nake gane zaɓi a zaman kotu ba wani ilimi ne mai zurfi ba. Ina duba ƙananan abubuwa. Ya jira dare? Ya ɓoye wuƙar a ƙarƙashin riga? Sun bar wani ƙato ya wuce suka tare wanda yake shi kaɗai? Sun cire layin wayar sun jefar? Da suka hango fitilar motar 'yan sanda sun watse? Duk wanda ya yi waɗannan yana lissafi, mai lissafi kuwa yana jin magana. Mai taɓin hankali na gaskiya da aka taɓa kawo min, da rana tsaka ya yi ɓarnarsa a gaban jama'a, ya zauna a wurin yana wasa da ƙasa har aka zo aka ɗauke shi.

Turawa ma sun yi wannan gardama, sai dai su a madadin ƙaddara suna cewa gado da ƙwaƙwalwa da muhalli. A 1924 a birnin Shikago na Amurka wasu samari biyu 'ya'yan masu kuɗi, Nathan Leopold da Richard Loeb, suka sace wani yaro ɗan shekara 14 suka kashe shi don kawai su nuna sun fi ƙarfin a kama su. Lauyansu Clarence Darrow ya yi awanni yana roƙon kotu cewa halitta da tarbiyya ne suka yi su haka, ba su suka yi kansu ba. Sun tsira daga rataya, aka yi musu ɗaurin rai da rai da ƙarin shekara 99, amma alƙalin ya bayyana cewa ƙuruciyarsu ce babban abin da ya duba. Akwai kuma wani malamin makaranta a jihar Bajiniya a shekara ta 2000, mutum mai kamun kai, kwatsam ya fara neman lalata har da 'yar matarsa. Aka gano ƙari a gaban ƙwaƙwalwarsa, aka cire, halin ya tafi. Bayan watanni halin ya dawo, aka duba, ashe ƙarin ne ya sake tsirowa. Irin wannan likita ne zai tabbatar, ba alƙali ba, kuma idan ya tabbata dole ya shafi hukunci. Sai dai abin da ya nuna shi ne akwai birki a cikin mutum wanda cuta take iya lalatawa. Bai nuna masu lafiya ba su da shi ba.

Igiya ba tsawo ɗaya ba ce

Yanzu ga inda tambayarki take da haƙƙi. Dukanmu kamar akuya muke a turke, kowa yana kiwo iya tsawon igiyarsa, kuma igiyoyin ba ɗaya ba ne. Ɗan da ya tashi da uba a kansa, da abinci sau uku, da makaranta, da wanda zai tambaye shi ina ka kwana, filin zaɓinsa ya fi na ƙaninki faɗi nesa ba kusa ba. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 masu ta'ammali da ƙwaya a ƙasar. A shekarar ce aka hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Ba yaran lungu ne suke shigo da kwantena ba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Musulunci bai kawar da kai daga wannan ba. Imamu Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa wasu bayin Haɗibu sun saci taguwar wani mutumin ƙabilar Muzaina suka yanka. Umar ya ba da umarnin a yanke hannayensu, sai ya dakata ya ce wa uban gidansu, ina ganin yunwa kake bar su da ita. Ya tambayi mai taguwa kuɗinta, ya ce dirhami 400. Umar ya sa uban gidan ya biya 800, bayin kuma ba a yanke su ba. A shekarar yunwa da ake kira Ramada ma bai zartar da haddin sata ba. Umar bai ce ƙaddara ce ba, bai kuma ce sata ta halatta ba. Ya duba ya ga wa ya gajarta wa mutanen nan igiya, ya kai hukuncin can.

Na taɓa zama a kan shari'ar satar hatsi guda biyu a damina ɗaya. Na farko magidanci ne, ya shiga rumbun maƙwabcinsa ya ɗebi abin da bai wuce tiya biyu ta gero ba, ga dammunan hatsi cike a gabansa bai taɓa ba, har ya mayar da murfin rumbun ya danne da dutse don kada ruwa ya shiga. Sawunsa aka bi har ƙofar gidansa, aka tarar matarsa tana surfe. Na biyu da mota suka zo cikin dare, da almakashin yanke kwaɗo, da mai saye yana jira a kasuwar wani gari. Sunan laifin ɗaya ne a takarda. Alƙalin da ya ba su hukunci ɗaya ya bi harafin doka ya saki adalci. Na farkon sulhu aka yi, mai rumbun da kansa ya ce ya yafe, har yana faɗan me ya sa bai zo ya tambaya ba.

Hatta fushi an yi gardama a kansa a ƙasar nan. Kotun Sarkin Gwandu ta taɓa yanke wa wani Tsofo Gubba hukuncin kisa, domin fiƙihun Malikiyya ba ya ɗaukar tunzura a matsayin abin da yake sauke kisan ganganci. A 1947 kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin, domin a dokar Turawa kisan da aka yi cikin tunzura bai kai na a kashe mutum ba. Rikicin da wannan ya haifar yana cikin abin da ya kai ga yin Final Kod, inda sashe na 222 ya sassauta wa wanda aka tunzura tunzurawa mai tsanani ta ba-zata.

Duk da haka ba zan bi ki har inda za a ce talauci ya cinye zaɓi gaba ɗaya ba. A lungun nan naku akwai marayu sa'o'in ƙaninki da suke tura baro, suke faci, suke bin kafinta, ƙwayar nan a gabansu ake sayar da ita. Idan muka ce wanda ya ɗauki wuƙa ba shi da laifi, mun ce waɗannan ba su da abin yabo. Ki tuna kuma da mutumin da aka yanka. Mai tafiya a ƙasa da daddare da waya a aljihu da wuya ya zama attajiri, wataƙila shi ma watanni ya yi yana tara kuɗinta. Yawancin waɗanda laifin talaka yake faɗa wa talakawa ne. Ƙaninki kuma ba geron tuwo ya ɗiba ba, da makami ya fita.

Me ake nema da hukunci?

Hukunci cutarwa ce da gangan, hukuma take yi wa mutum abin da da wani ya yi sai a kama shi. Don haka dole a nemi hujjarsa. Masana sun kasu. Wasu, irin su Bajamushe Immanuel Kant, sun ce hujjarsa ita ce cancanta: ka yi, a saka maka daidai da abin da ka yi, ko da babu wani amfani da zai biyo baya. Wasu, irin su Jeremy Bentham na Ingila, sun ce abin da ya wuce ya wuce, hukunci ba shi da hujja sai idan zai hana ɓarnar gaba, ta tsoratar da wasu, ko killace mai cutarwa, ko gyara shi. Cesare Beccaria na Italiya ya rubuta a 1764 cewa tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukunci hana laifi, kuma abin da na gani a aiki bai saɓa masa ba.

A ganina kowanne shi kaɗai yana da haɗari. Idan amfani kawai muka duba, babu abin da zai hana a ɗaure marar laifi ko a yi wa ɓarawon kaza hukuncin ɗan fashi don a ba wasu tsoro. Wannan tunanin ne a kan masu rataya wa mutum taya a kasuwa, "don ya zama darasi". Idan muka ce mai laifi marar lafiya ne kawai da za a yi wa magani, mun mai da shi dabbar da ake horarwa, kuma babu ranar sallama sai mai magani ya ga dama. Idan kuma sakayya kawai muka riƙe, sai mu cika kurkuku mu koma gida muna ganin mun gama aiki. Inda na tsaya shi ne cancanta ita take ba da izini, ita kuma take kafa iyakar da ba a ƙetarewa: ba a taɓa wanda bai zaɓa ba, ba a wuce gwargwadon zaɓinsa da ɓarnarsa. A ƙarƙashin wannan iyaka sai a duba abin da ya fi amfani ga shi da jama'a. Kama mutum da laifinsa wani nau'i ne na girmama shi, ana ce masa kai mutum ne mai hankali, ka iya bari ba ka bari ba, kuma gobe kana iya bari.

Fiƙihu ya ƙara wani abu da masanan can suka daɗe ba su ba shi muhimmanci ba, wato wanda aka zalunta. A kisa da rauni haƙƙin ƙisasi nasa ne ko na magadansa, suna iya karɓar diyya, suna iya yafewa, kuma ayar da ta wajabta ƙisasi a suratul Baƙara ita ta buɗe ƙofar afuwa. Amma jama'a ma suna da nasu haƙƙin: a wurin Malik ko an yafe wa mai kisan ganganci, sai an yi masa bulala 100 da ɗaurin shekara guda. Haddi kuma ana tunkuɗe shi da shubuha, domin kuskure wajen afuwa ya fi kuskure wajen uƙuba sauƙi.

Sai dai mai hukunci shi ma ana tambayarsa. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda suke gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke, alhali sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce mutum marar laifi ne har sai an tabbatar. Wani yana shafe lokacin da ya fi wanda za a ɗaure shi da an same shi da laifin. Wannan zaman babu wata hujja a cikin duk waɗanda na lissafa da ta ɗauke shi. A 2019 an yi dokar da ta sauya sunan gidan yari zuwa gidan gyaran hali, ta kuma tanadi hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin yi wa al'umma hidima. Niyya ce mai kyau, amma yaron da aka kulle ɗaki ɗaya da tsofaffin 'yan fashi, makaranta aka sa shi. Ga kuma ɓarayin biro. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce abin da ya halaka waɗanda suka gabace mu shi ne idan babba ya yi sata sai su ƙyale shi, idan mai rauni ya yi sai su tsayar masa da haddi. Wannan bai wanke ƙaninki ba, tunda barin wani ɓarawo ba ya mai da wani marar laifi. Amma yana rage wa hukuma bakin magana, kuma yaran suna gani.

Abin da ya rage a hannunku

Ban ga takardun shari'ar ba, don haka ba zan ce miki ga abin da za a yanke ba. Abin da ya kamata ki sani shi ne tuhumar tana da nauyi. Ƙwace da makami tare da rauni, a ƙarƙashin dokar fashi da makami ta 1984 hukuncinsa yana kaiwa ga kisa, a dokar shari'a kuma yana iya shiga babin hiraba, wato fashi, wadda yafewar wanda aka yi wa ba ta sauke ta idan magana ta kai gaban hukuma. Dokar da aka tuhume shi da ita, da kotun da aka kai shi, su za su nuna faɗin damar da alƙali yake da ita. Saboda haka lauya ba abin jinkiri ba ne. Idan babu hali, ku je ofishin Hukumar Tallafin Shari'a ta ƙasa, wadda aka kafa tun 1976 don irinku, kyauta take aiki. Ku riƙa bibiyar fayil ɗin, domin shari'ar da ba mai bibiya ita take kwana a ofis.

Ku je wurin mutumin da aka yanka, da mai unguwa ko limami a gaba, ku ba shi haƙuri, ku biya kuɗin magani da na waya gwargwadon hali. Ko bai sauya komai a kotu ba haƙƙinsa ne, kuma sau da yawa yana sauyawa. Ku tanadi abin da lauya zai gabatar wajen neman sassauci: shekarunsa, ko wannan ne karo na farko, maraicinsa, da wani mai sana'a da zai tsaya ya ce zan ɗauke shi. Idan akwai tarihin taɓin hankali na gaskiya, a nemi likita ya duba shi, amma kada a ƙirƙira. Idan kin je ziyara, ki kai masa abinci da sabulu, ki kuma tambaye shi a natse wa yake ba su ƙwayar, wa yake sayen wayoyin, da kuma sana'ar da yake ganin zai iya zama ya koya.